Daga Littafin Bashi Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Dokar Kare Bayanan Mutane da Ƙananan 'Yan Kasuwa

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wani al'amari ne da ya faru a gidanmu. Yayata tana sayar da turaren wuta da humra da atamfofi, amma ba ta da rumfa a kasuwa. Rumfarta ita ce wayarta. Ta WhatsApp da Instagram take tallata hajarta, a nan ake ciniki, a tura mata kuɗi ta banki, ita kuma ta ba ɗan aike ya kai kaya gida ko tasha. Ran nan aka sace wayar a gidan biki. Kafin mu kai ga rufe layin, ɓarawon ya bi abokan cinikinta ɗaya bayan ɗaya da sunanta, wai an yi ragi a kan sababbin kaya, ya ba su wani asusun banki dabam. Waɗansu suka tura kuɗi. Da maganar ta fito, wata daga cikinsu ta ce mata, "Hajiya, ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. Adireshin gidana da hoton ɗiyata da abin da na saya a wurinki duk suna hannun wanda ban sani ba."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na ce to, bari in bi sawun abin tun daga tushe: yaya kakanninmu suka riƙa adana labarin abokan cinikinsu, daga ina dokar kare bayanan mutane ta samo asali, yaushe ta iso ƙasarmu, kuma me take nema daga mai ƙaramin jari irin yayata. Abin da na samo shi ne zan ɗan gutsura wa mai karatu a nan.

Amana Kafin Doka

Ajiye labarin abokin ciniki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma ake danganta kafa Kasuwar Kurmi gare shi, ciniki a wurinmu bai rabu da bashi ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan yi watanni a hanya ɗauke da dukiyar mutane. Duk garin da suka sauka akwai fatoma, watau mai masaukin baƙi, wanda zai ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya kuma tsaya wa mai saye in za a ba shi bashi. Jarin fatoma shi ne sanin mutane. Ya san wane yana biya a kan lokaci, wane ya karye, wane kuwa ko allura ba a ba shi.

Wani masani Bature, Abner Cohen, ya yi bincike a kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya wallafa littafinsa a 1969. Ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu bisa bashi, da yadda masu gida ke bin diddigin halin kowane mahauci don kada dukiyar baƙonsu ta salwanta. In mun lura, wannan shi ne tattara bayanan abokan ciniki, illa dai a ka ake riƙe mafi yawansa.

Rubutu ma ba a bar shi a baya ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce a kan rubuta bashi da kafa shaidu, saboda haka attajirai da yawa sukan ajiye malami mai rubuta musu lissafi da Larabci ko da ajami. Ni kaina na taɓa ganin littafin bashin kakana, wanda ya yi sana'ar koli. A ciki akwai suna, da unguwa, da abin da aka karɓa, da ranar biya. A cikin adaka yake kulle shi, ko 'ya'yansa ba sa buɗewa. In mutum ya biya sai ya ja layi a kan sunansa, magana ta mutu. Ba wata hukuma da ta tilasta masa yin haka. Kunya ce da amana, da kuma sanin cewa duk ɗan kasuwar da ya tona asirin mai cin bashinsa ya kashe kasuwarsa da hannunsa.

Amma kada mu yi wa da ado fiye da kima. Abin da ya tsare wancan littafi ba kyawun hali kaɗai ba ne. Littafin guda ɗaya ne, yana wuri ɗaya, kwafe shi aiki ne, kuma wanda zai iya karanta shi ƙalilan ne. Kwamfuta ce ta zo ta rushe wannan katanga.

Asalin Dokar A Ƙasashen Turai

Turawa ba su ƙago wannan doka don 'yan kasuwa ba. Tsoron gwamnati ne ya haife ta. Ƙasar Holan tana da rajistar jama'a mai tsari ƙwarai, har da addinin kowane mutum a rubuce. Da sojojin Jamus suka mamaye ta a 1940, sai wannan rajista ta zama musu jagora wajen farautar Yahudawa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar suka hallaka. Abin ya kai ga a watan Maris na 1943 waɗansu 'yan gwagwarmaya suka cinna wa ofishin rajistar birnin Amsterdam wuta don su ƙona takardun. Daga nan mutanen Turai suka ɗauki darasi, cewa jerin sunayen da aka tara da kyakkyawar niyya yana iya zama makami ran da ya faɗa hannun mugu.

Da kwamfuta ta shiga ofisoshin gwamnati, sai tsohon tsoro ya farka. Jihar Hesse ta Jamus ta Yamma ce ta fara kafa dokar kare bayanai a 1970. Suwidin ta bi baya a 1973, ita ce ƙasa ta farko da ta yi dokar da ta game ƙasa baki ɗaya. Amurka ta yi tata a 1974, amma ta taƙaita ta ga hukumomin tarayya. A Faransa kuwa, a wannan shekara ta 1974 jaridar Le Monde ta fallasa wani shiri na haɗa takardun kowane ɗan ƙasa a ƙarƙashin lamba guda. Jama'a suka yi ca, har aka kafa doka a watan Janairu na 1978 tare da hukumar da za ta sa ido. Ranar 28 ga Janairu 1981 Majalisar Turai ta buɗe yarjejeniya ta 108 don ƙasashe su sa hannu, dalilin da ya sa har yau ake tunawa da wannan rana kowace shekara. Sa'an nan a 1983 kotun tsarin mulki ta Jamus ta Yamma ta taka wa ƙidayar jama'a birki, ta ce kowane mutum yana da haƙƙin yanke shawara a kan abin da za a sani game da shi. Sai a 1987 aka yi ƙidayar.

To, yaushe abin ya gangaro kan talaka? Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'ida a 1995 wadda ta shafi kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane. Ba da daɗewa ba wata mata a Suwidin, mai aikin sa kai a majami'arsu, ta buɗe shafi a intanet ta sa sunayen abokan aikinta da lambobin wayar waɗansu, har ta ambaci cewa ɗaya ta ji ciwo a ƙafa. Aka ci ta tara. Da magana ta kai babbar kotun Tarayyar Turai, a 2003 kotu ta ce lalle abin da ta yi sarrafa bayanan mutane ne, kuma zancen ciwon ƙafa bayani ne na lafiya. Daga ranar aka gane cewa wannan doka ba ta manya kaɗai ba ce.

Babbar dokar da ake kira GDPR an amince da ita a 2016, ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018. Tararta tana iya kai wa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta ɗan sassauta wa masu ma'aikata ƙasa da 250 wajen ajiye kundin ayyukansu, amma sassaucin bai shafi wanda yake sarrafa bayanan mutane yau da gobe ba, alhali kuwa mai sayar da kaya kullum yana cikin yin haka. Har ila yau hannunta ya tsallaka teku, domin ta hau kan wanda yake wajen Turai matuƙar yana nufin mazauna can da tallarsa. Ke nan mai ɗinki a Kano da ke neman kasuwa wurin 'yan'uwanmu mazauna Jamus ko Italiya, tana sa farashi da Yuro, ta shiga inuwar wannan doka ko ta sani ko ba ta sani ba.

Isowarta Ƙasarmu

A nahiyarmu, ƙungiyar ECOWAS ta fitar da ƙa'ida a kan bayanan mutane a 2010. Gana ta kafa dokarta a 2012. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Malabo a 2014. Jamhuriyar Nijar ta yi tata a 2017, ta kuma sake wata sabuwa a 2022.

A Nijeriya, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, amma an daɗe ba a yi dokar da ta fayyace yadda za a yi aiki da wannan ba. Ana cikin haka wayar salula ta shigo a 2001, aka fara rajistar layuka a 2011, aka kawo lambar BVN ta banki a 2014, sa'an nan a ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa. Cikin shekara ashirin, lambar wayar mutum ta zama mabuɗin sunansa da asusunsa da hoton fuskarsa.

A watan Janairu na 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai ta farko. Abin da ya sa talaka ya san da ita shi ne ta'asar waɗansu kamfanonin ba da rance ta waya. In mutum ya makara wajen biya, sai su bi duk lambobin da ke wayarsa suna aika saƙo, su ce masa ɓarawo a gaban surukansa da maƙwabtansa. A 2021 hukumar ta ci ɗaya daga cikinsu tarar Naira miliyan 10. Ka ga bambanci: kakana yana kulle littafin bashi a adaka, waɗannan kuwa a tsakiyar kasuwa suke baje nasu.

Ranar 12 ga Yuni 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma mai zaman kanta don wannan aiki. A 2025 hukumar ta fitar da umurnin aiwatarwa wanda ya fara aiki a watan Satumba, ya maye gurbin ƙa'idar 2019. Manyan ma ba su tsira ba, domin a watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220 a kan yadda yake yi da bayanan 'yan Nijeriya.

Abin Da Ya Hau Kan Mai Ƙaramin Jari

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya natsu. Dokar 2023 ba ta shafi wanda ya ajiye lambobin dangi da abokai don harkar gidansa ba. Amma da zarar an ajiye suna da lamba da adireshi don ciniki, an fita daga wannan rangwame. Yayata, da wayarta guda, a idon doka mai riƙon bayanan mutane ce.

Dokar ta raba masu riƙon bayanai gida biyu, manya masu muhimmanci da kuma sauran. Na farkon su ne aka wajabta wa rajista da hukuma da naɗa jami'in kula da bayanai. Sanarwar da hukumar ta fitar a 2024 ta sa ma'aunin shiga wannan aji a kan bayanan mutum fiye da 200 cikin wata shida, abin da ya tayar da hankalin masu ƙananan sana'o'i, don mai kasuwa mai albarka tana iya wuce wannan adadi a azumi da salla kaɗai. Daga baya aka ware ƙananan 'yan kasuwa masu ma'aikata ƙasa da 15 da masu sana'ar hannu waɗanda abin da suke ajiyewa bai wuce lambobin waya da rasit da adireshi ba. Wannan sauƙi ne, amma sauƙin rajista ne kawai. Sauran wajibai suna nan daram, kuma tarar wanda ba ya cikin manya tana iya kai wa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga wadda jarinta bai fi kuɗin 'yan turamen atamfa ba, wannan rufe shago ne.

To, mene ne wajiban? Na farko, a karɓi abin da ake bukata kawai, don dalilin da aka faɗa. In mace ta ba da adireshinta don a kai mata kaya, ba a bukatar wata takardar izini, domin cinikin kansa hujja ce. Amma ba ta bayar don a jefa ta cikin zauren talla na WhatsApp inda mutum ɗari biyu za su ga lambarta ba, ba ta kuma bayar don a miƙa wa ƙawa mai sayar da kayan kicin ba. Wannan sai da yardarta, kuma tana da ikon janye yardar ran da ta ga dama. In ta ce a daina aiko mata talla, dole a daina.

Na biyu, abokin ciniki yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka ajiye game da shi, ya sa a gyara kuskure, ko ya nemi a goge in babu sauran dalilin riƙewa. A nan akwai ɗan cin karo, domin lissafin kuɗi yana da nasa hukunci, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ce kamfani ya adana littattafan lissafinsa shekara shida. Mafita ita ce a rarrabe: rasit da adadin kuɗi a ajiye, amma hoton gida da doguwar hira da saƙon murya ba su da aikin yi bayan kaya sun isa.

Na uku, akwai bayanan da doka ta ɗauka masu tsanani, irin su lafiyar mutum da addininsa da ƙabilarsa da sha'anin auratayyarsa. Masu sayar da maganin gargajiya da kayan mata ta waya su ne suka fi kowa riƙe irin wannan sirri, kuma su ne suka fi yawan ɗaukar hoton hirar godiya su liƙa don talla. Ko an shafe suna, in hoton fuska ko lamba ta fito, an tona asiri. Haka nan wadda take liƙa hoton mai cin bashinta don ta kunyata ta, ta sani cewa ta bi sawun waɗancan kamfanonin rance ne. Bashi yana da hanyar karɓarsa, ta manyan unguwa ko ta kotu.

Na huɗu shi ne tsaro, kuma nan ne aka kama mu a gidanmu. Wayar yayata ba ta da kulle na kirki, ba ta kuma sa matakin tabbatarwa na biyu a WhatsApp ba. Doka ta ce in bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukuma cikin awa 72, in kuwa haɗarin babba ne a gaya wa mutanen nan take. Mu kuwa kwana biyu muka yi muna jin nauyin faɗa, a cikin kwanakin nan ne ɓarawo ya ci kasuwarsa. Da mun yi shela tun daren farko, da kuɗin mutane bai tafi ba. Wannan ita ce nadamar da ta fi ci mini rai.

Ra'ayina

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da nake ƙorafi a kai. An rubuta dokar da Turancin lauyoyi, an kuma gina ta a kan tsarin Turai inda kowane shago yake da rajista da akawu. Mafi yawan matan da ke ciniki daga ɗakunansu a Kano da Zariya da Sakkwato ba su taɓa jin sunanta ba. Dokar da mutum bai san da ita ba sai ranar da aka kama shi, tarko ce. Wajibi ne hukuma ta bayyana ta da Hausa da sauran harsunanmu a gidajen rediyo, ta kuma fara da faɗakarwa kafin tara. Mu ma ɗaliban harshe muna da rabo a wannan aiki, don in ba mu samar wa waɗannan abubuwa kalmomin da iyayenmu za su gane ba, wa zai yi?

Duk da haka ban yarda da masu cewa dokar baƙuwa ce gare mu ba. In ka tuɓe mata rigar Turanci, abin da za ka gani shi ne adakar kakana: kada ka tambayi abin da ba ruwanka, kada ka ba wani abin da aka ba ka ajiya, ka kulle shi da kyau, in an biya ka ja layi. Bambancin kawai shi ne da can ɓarawo sai ya fasa ɗaki ya ɗauki littafi guda, yau kuwa hannu ɗaya a aljihu ya isa ya kwashi sirrin gidaje ɗari.

Kammalawa

Mun ga yadda fatoma da attajiri suka riƙe labarin abokan cinikinsu bisa amana, yadda bala'in yaƙi da zuwan kwamfuta suka sa Turawa suka mayar da abin doka tun daga 1970, da yadda ta iso mu a 2019 ta kuma tabbata a 2023. Yayata ta biya waɗanda aka cuta daga aljihunta, ko da yake ba ita ta ci ba. Yanzu tana da waya dabam don kasuwa, a kulle, tana tambaya kafin ta sa kowa a zauren talla, kuma duk ƙarshen wata takan zauna ta goge adireshin waɗanda kayansu suka isa. Matar nan da ta yi mata ƙorafi kuwa ta dawo tana saye a wurinta. Ina fata 'yan'uwa ɗalibai masu 'yar sana'a a waya, waɗanda na san suna da yawa a ɗakunan kwananmu, za su duba nasu tun kafin a yi musu irin tamu, domin Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.